Tallafin taki: amsoshin tambayoyin manoma

Tambaya: Malam, ina noman alkama a fadamar Auyo. Sunana ya fito a tallafin noman rani, saƙo ya shigo wayata, amma sai na biya rabin kuɗi kafin dila ya ba ni kaya, ga shi hannuna ba nauyi. Wani ɗan kasuwa ya ce zai biya, ya kwashe takin, ya bar mini iri da ɗan na cefane. In yarda?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka yarda. Shirin tallafin noman nan da ake kira NAGS-AP, wanda aka ƙaddamar da noman alkamarsa a nan Jigawa a Nuwamban 2023 da rancen Bankin Raya Ƙasashen Afirka, rangwame ne: gwamnatin tarayya ta ɗauke kashi 50 cikin 100 na kuɗin iri da taki. Wannan rabin shi ne rabonka, kuma shi mutumin yake wa lissafi, ba tausayinka ba.

Na sha tsayawa a bakin wurin raba kaya. Manomi zai nuna saƙo, a duba sunansa, a fito da buhuna, kafin ya kwance igiyar babur yaran wani sun loda su a kura. Ya soke 'yan kuɗi a aljihu yana murmushi. Bayan wata biyu ka je gonarsa, alkama ta yi rawaya, tsayinta bai kai gwiwa ba. Alkama akwai cin taki: kamfa lokacin shuka, yuriya bayan mako uku zuwa huɗu. Iri mai kyau ba taki, wahalar ban-ruwa da kuɗin fetur kawai za ka yi.

In akwai tunkiya a turke, a kai ta kasuwar Gujungu. In babu, nemi ɗaukar adashe, ko ku haɗa kuɗi a ƙungiya ku fanshi na mutum ɗaya-ɗaya. In ya zama dole sai bashi, a yi shi kuɗi da kuɗi a gaban shaidu, kada a yanka maka farashin buhun alkama tun ba ka shuka ba.

Tambaya: Ni a Kura nake. An ce takin gwamnati na hanya. In jira, ko in saya a kasuwa?

Amsa: Sanyin hunturu ba ya jiran takardar ofis. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake son alkama ta shiga ƙasa. Wadda ta makara zafi zai riske ta tana ɗaukar ƙwaya, sai ta motse. Sayi abin da zai ishe ka shuka yanzu, na gwamnati in ya iso ya zama zubi na biyu. Ka sa a ɗora buhu a sikeli, kilo 50 ne. Yuriya kuma ka zuba tafi guda a kofin ruwa: ta gaske narkewa take yi tas, kofin ya yi sanyi a hannunka. In ka ga yashi ya kwanta a ƙasa, mayar wa mai sayarwa da abinsa.

Tambaya: Wani ya zo ƙauyenmu a Dambatta yana karɓar BVN da kuɗin fom, wai za a turo wa mata manoma kuɗi kyauta.

Amsa: Hajiya, ki riƙe kuɗinki, lambar sirrin da banki ke turowa kuma ko wa ya tambaya kada ki karanta masa. Ki tambayi malamin gona na KNARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Kano, da mai unguwa ko sun san da zancen. Sannan duk takardar da za ki dangwala wa yatsa, a karanta miki tukuna, a ji tallafi ne ko bashi. Shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya da aka fara a Kebbi a 2015 bashi ne, amma da yawa suka karɓa a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, sai da aka zo karɓar biya ido ya raina fata.