Inda ake yi wa furotin shaida

Ɗana, saƙonka ya same ni a gona, muna yankan gero nan bayan Ringim. Ka ce ka sa wa furotin launi mai ƙyalli da NHS ester, sinadarin da ke manna launi a jikin furotin, launi ya kama raɗau, amma furotin ya daina aiki, kana tambayar inda ka kuskure.

Ka taɓa ganin Bafulatani yana yi wa saniya shaida? Wuri ɗaya yake zaɓa, kunne ko cinya, sauran jiki bai taɓa ba. To, NHS ester ba shi da wannan hankalin. Duk inda ya ga laisin, ɗaya daga cikin amino asid ɗin da ake gina furotin da su, sai ya manne, ita kuwa laisin ta cika jikin furotin, antibodi, furotin ɗin garkuwar jiki, guda ma tana da wajen 80. In ɗaya ta faɗo daidai bakin da yake aiki da shi, ka toshe masa baki ke nan.

Koma kan sisteyin. A cikin amino asid 20 tana daga cikin mafiya ƙaranci, kuma sulfarta maleyimaid, wani sinadarin manna launi, yake bi. In babu ita a inda kake so, a dasa maka guda ta hanyar sauya ƙwayar halitta.

Amma fa a nan ake zubar da aiki. Tsayar da pH, ma'aunin tsamin ruwan, tsakanin 6.5 da 7.5, da ya haura, maleyimaid zai fara lasar laisin, ka koma gidan jiya. Sannan sisteyin biyu sukan riƙe hannun juna, sai an raba su da sinadarin DTT ko TCEP. Shi DTT yana da tasa sulfar, maleyimaid kuwa zai bi ta. Ina saurayi na taɓa mantawa ban tace shi ba, ya shanye launin tas, na wuni ina haska kwalba, furotin fari fat. Maigidana bai ce uffan ba, farashin launin kawai ya rubuta ya ajiye mini a kan benci. Launin ma ka narka shi a DMSO, sinadarin narkarwa, lokacin da za ka zuba, don ruwa na kashe shi in ya daɗe.

Akwai hanyar azaid da alkain, wadda ta kai Bertozzi da Meldal da Sharpless ga kyautar Nobel a 2022. Azaid da alkain sinadarai ne biyu da juna kaɗai suke nema, ba ruwansu da sauran jikin furotin. Tana da kyau, sai dai hannunka bai kai can ba tukuna.

Naɗe kwalbar da takardar alminiyam kada haske ya cinye launin, ka sa a firji. Ranar Litinin, in Allah ya kai mu, mu duba tare.