Aika makro wurin makro, ya dawo maka da amsa

Ɗana, na ga tambayarka. Ka ce kana da makro a Excel, wato jerin umarni mai yin aiki da kansa, mai nemo layin ƙarshe na shafi, kana so wani makron mai haɗa rahoto ya kira shi, ya faɗa masa sunan shafin, ya karɓi lambar. Ka kuma ce a yanzu dabararka ita ce na farkon ya rubuta amsar a akwatin Z1, na biyun ya je ya ɗauko. Tana aiki, ban musa ba. Amma ranar da wani ya saka sabon ginshiƙi, ko ya share Z1 yana ganin shara ce, rahotonka zai fito da ƙarya, kuma ba abin da zai yi maka ƙara.

A VBA, yaren da ake rubuta makro da shi, 'yan aike iri biyu ne. Sub ka aike shi ya yi aiki, shi ke nan. Function kuwa sai ya dawo da abu a hannu. Naka Function ne:

Function LayinKarshe(ByVal shafi As String) As Long
LayinKarshe = Worksheets(shafi).Cells(Rows.Count, 1).End(xlUp).Row
End Function

A ɗaya makron sai ka rubuta n = LayinKarshe("Rahoto"). Lura da layin tsakiya: amsar ana zuba ta ne a cikin sunan Function ɗin kansa. In ka manta da wannan, ba zai ce maka uffan ba, sifili kawai zai miƙo maka, ka kwana kana neman inda lissafi ya karkace. Na sa Long, wato irin lamba mai ɗaukar babban adadi, da gangan. Ƙaramin irin, Integer, ba ya wuce 32,767, shafin Excel kuwa tun daga na 2007 layi 1,048,576 gare shi. Sunan ma da k na rubuta shi, don wurin rubuta VBA ba ya ɗaukar ƙ mai lanƙwasa.

To, ga inda na fi so ka buɗe kunne, wato kalmar nan ByVal. In ba ka rubuta komai ba, VBA yana ɗauka ByRef kake nufi. Bambancinsu kamar na wanda ka ba kwafin takarda ne da wanda ka ba ainihin takardar. Mai kwafi, wato ByVal, ya yi ta zane-zanensa, taka tana nan lafiya. Mai ainihin kuwa, wato ByRef, duk abin da ya goge, ya gogu har a wurinka. Ina sabon hannu na taɓa rubuta ƙaramin makro mai rage ɗaya daga lambar da aka ba shi kafin ya yi lissafi, na kira shi a cikin zagaye mai bin layuka. Ashe ma'ajin da zagayen ke ƙirga da shi yake ragewa. Zagayen ya ƙara ɗaya, shi ya rage ɗaya, kwamfuta ta tsaya cak a layi guda har sai da na katse ta. Tun daga ranar ByVal nake sawa, sai in da niyya nake so a canza min abin, misali ina son amsa biyu ko uku daga aike ɗaya.

Sai tarkon baka biyu, wato ( ). In Sub ne mai suna Gyara, ka rubuta Gyara x ko Call Gyara(x), duk daidai ne. Amma Gyara (x), babu Call, wani abu ne daban: bakan suna sa a lissafa x tukuna a miƙa kwafinsa, ko da ByRef ka rubuta. Sai ka ga gyaran bai kama ba, alhali rubutun a ido lafiya lau yake.

Kada ka firgita in ka danna Alt da F8 ka nemi makronka a jerin ka rasa. Duk wanda ke jiran a ba shi wani abu kafin ya tashi ba ya fitowa a nan, tunda babu mai miƙa masa. In kuma a wani fayil yake zaune, Application.Run za ka yi amfani da shi, ka ba shi sunan fayil da na makro a haɗe da alamar motsin rai a tsakani, sannan saƙonnin su biyo a jere yadda aka tsara su. Shi ma yana dawo da amsar Function.

Yanzu je ka share Z1 ɗin nan. Sa alamar tsayawa a layin da ke kiran LayinKarshe, ka bi shi da F8 taki-taki, ka ɗora linzami kan kalmar shafi ka ga abin da ya shiga, sannan kan n ka ga abin da ya fito. In sun saɓa da abin da ka zata, kawo min in gani.