Dama maciji na yayyaga abinci kafin ya ci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanina ne ya turo min wani bidiyo a WhatsApp, wani ɗan maciji a cikin taɓo yana yayyaga ƙaguwa, wai a Singafo ne kuma wai gwamnati ta killace dajin ba a taɓa komai a ciki. Ni dai na san maciji haɗiya yake, ko haɗin kwamfuta ne? Kuma saboda maciji za a killace daji?
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Akwai wannan macijin kam, masana na ce masa Gerarda, kuma a Singafo ɗin aka yi binciken da ya fito da halinsa a 2002. Dabararsa ita ce sai ya samu ƙaguwar da ta yi saɓa yanzun nan, jikinta laushi tiɓis, ya cafke ta da baki, ya naɗe jikinsa kamar zobe, ya riƙa fizgo ta ta cikin zoben har ta yage, shi ya sa yake cin wadda ta fi ƙarfin bakinsa. Da rana yana lafe cikin ramukan laka, sai dare idan ruwan teku ya janye yake fitowa. Akwai ɗan'uwansa mai fuska kamar ta kare, shi kifi yake farauta, dukansu biyu hancinsu a saman kai yake kuma yana rufewa in sun nutse. Haihuwa suke yi, ba ƙwai ba. Dafinsu bai kai ya kawo ba ga mutum.

Batun killacewa kuwa, ai ba don su kaɗai ba ne. Dajin mangurob ne, itatuwan da ke tsirowa inda ruwan kogi ke haɗuwa da na gishiri, saiwoyinsu cirko-cirko a waje, nan kifi da jatan lande ke renon 'ya'yansu, itatuwan ne kuma ke karya ƙarfin igiyar ruwa kada ta cinye gaɓa. Akwai irin wannan dajin a Singafo mai suna Sungei Buloh, an buɗe shi a 1993, a 2002 aka mayar da shi gandun da doka ke karewa. Abin haushin, mu da ke da dajin mangurob mafi girma a Afirka a Neja Dalta, malalar ɗanyen mai ce ke ta kashe shi.

Amma fa in Allah ya kai ki can kada ki sauka daga gadar katakon da aka yi wa baƙi, akwai kada, akwai kuma wata kububuwa da ke kwanciya a kan rassa, ita cizonta sai asibiti.