Filin Tambaya da Amsa: Takardun inshora za su iya nuna inda ciwon MS ya kai mutum?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Daga Jidda nake, ƙanwata ce ke fama da ciwon MS ɗin nan da a asibiti suke ce wa tasallub, tana da yara biyu. Tana tafiya da ƙafarta amma daga gida zuwa bakin titi sai ta tsaya ta huta, ƙafar hagu tana ja, in zafi ya yi yawa ko girki bata iyawa, ga fitsari yana matsa mata. To mijinta ya buɗe manhajar inshorarsu ya ga ba komai sai ganin likita da allura da hoton MRI, shine yace tunda ba keken guragu ba kwanciya asibiti ciwon bai yi nisa ba, wai ai Turawa ma da takardun inshora suke gane wanda ya nakasa. Dan Allah haka ne?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba ta lafiya. Maigidan nata ya ji gaskiya amma rabi ya ji. Ciwon MS garkuwar jiki ce ke juyowa tana cin murfin da ya lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, ƙididdigar duniya ta 2020 ta ce mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da shi kuma mata sun ninka maza. Ma'aunin da likitocin jijiya suka fi amfani da shi wajen auna nakasar da ya jawo sunansa EDSS, wani likita Ba'amurke John Kurtzke ya fitar da shi a 1983, yana tashi daga 0 zuwa 10. Kuma ba daga takarda ake samunsa ba, sai likita ya duba ido, ya gwada ƙarfin hannu da ƙafa, ya tsikari fata ya ji ko tana ji, ya tambayi fitsari da bayan gida, sannan ya sa mutum ya yi tafiya ya gani.

Toh wannan lambar bata shiga takardar da asibiti ke tura wa kamfanin inshora don a biya shi. Abin da ke shiga shine lambar ciwon, G35, sai magani, sai gwaji, sai kuɗi. A nan Saudiyya ta manhajar NPHIES waɗannan takardun ke bi. Shi yasa masu bincike a Amurka da Kanada da Jamus suka nemi dabara, tunda basu da lambar likita sai su bi sawun abin da aka saya. An biya kuɗin keken guragu? An biya robar fitsari? An rubuta baclofen na sanƙarewar tsoka, an yi gashin ƙashi, nas tana zuwa gida, an yi jinyar gyambon kwanciya? In kuma suka ga an ɗaura ruwan methylprednisolone kwana 3 zuwa 5 a jere sai su ce ciwon ne ya motsa. Da haka suke raba dubban mutane gida-gida, masu sauƙi da matsakaita da masu tsanani, kuma wallahi aikin yana da amfani, hukuma tana sanin keke nawa da gado nawa ake buƙata, ana kuma ganin wane magani ne ya fi rage lalacewar jiki cikin shekaru.

Amma takardar inshora kamar littafin mai kanti take, abin da aka karɓa aka rubuta kuɗinsa kawai ta sani. Sandar da aka sayo da kuɗin aljihu a shagon magani bata ciki. Keken da maƙwabciya ta ara muku baya ciki. Gajiyar da ke kwantar da ita bayan azahar, mantuwa, jan ƙafa, tashi fitsari cikin dare, duk ba wanda ya biya riyal ko ɗaya a kansu to ba za su fito ba. Shi yasa dabarar tafi kama waɗanda ciwon ya riga ya yi nisa, masu irin halin ƙanwarki kuwa sai su fito kamar lafiyarsu ƙalau. Mu kuma nan abin ya fi yawa, inshorar ma'aikaci a ɗaure take da aikinsa da iƙamarsa, ya canza kafili a canza kamfani sai tarihin ya yanke, wanda bashi da takardu kuwa ko sunansa babu a lissafin. Abin da ya fi damuna shine a ɗauki abin da aka yi don ƙirga jama'a a yanke wa mace ɗaya hukunci da shi a cikin gidanta, tana cewa na gaji ana nuna mata waya.

Ku je wajen likitan jijiyarta tare da mijin, ku roƙe shi ya auna EDSS ya rubuta a rahoto. Ta faɗi komai, har zancen fitsarin, na san mu Hausawa da kunya amma yana cikin abin da ake aunawa kuma akwai maganinsa. In zata buƙaci sanda ko gashin ƙashi likita ya rubuta, ko da ku zaku biya, don ya zauna a fayil ɗinta. Zafin da kika ce kuma sanannen abu ne a wannan ciwon, yana tsananta alamu na ɗan lokaci, jiki ya yi sanyi su lafa, a bar ta ta yi girki da asuba ko da dare ba cikin tsakar rana ba.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki, daga Makka nake. Ɗana likita ya rubuta masa EDSS 4, ina tsoro, ko ya kusa rabin hanya kenan? Kuma zai iya umara da ƙafarsa?

AMSA: Baba Alhaji ka kwantar da hankalinka, ba haka ake karanta ta ba. Matakan ba tazara ɗaya gare su ba, kuma mutane da yawa sukan daɗe shekaru a lamba ɗaya, musamman masu bin maganinsu. Lamba 4 tana nufin yana iya tafiyar kamar mita 500 ba sanda ba hutu, 5 mita 200, 6 sai da sanda, 7 kuma keke. Tsakanin Safa da Marwa kusan mita 400 ne, sau bakwai kuwa ya kai wajen kilomita 3, ga ɗawafi kafin nan, ka ga ya fi ƙarfin abin da zai yi a tashi ɗaya. Ya zaɓi dare, ya riƙa hutawa yana shan ruwa, in ƙafa ta fara ja ya hau keken da ke cikin Harami, umararsa ta yi. Ku kuma roƙi likitan ya gwada masa hannu da saurin tunani daban, don daga lamba 4 zuwa sama ma'aunin tafiya yafi kallo, yaro zai iya rasa ƙarfin riƙe biro lambar bata motsa ba.