Hukuncin ƙuri'ar amincewa da bashin gina makarantu a Amurka

Tambaya: Malam, ina zaune a jihar Teksas, 'ya'yana uku suna makarantar gwamnati. Hukumar makarantun gundumarmu tana neman izinin cin bashi, kuma takardar ƙuri'a ta raba batun biyu: sashe na A na gyaran rufi da na'urar sanyaya ajujuwa, sashe na B na gina filin ƙwallo. Ajin ɗiyata yoyo yake, har bokitai ake jerawa. Wani ya ce mini babu riba a ƙasar da ba ta Musulunci ba. Zan iya amincewa?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yar'uwa, Allah Ya saka miki da kika tambaya kafin ranar zaɓe.

Wannan bashi mai ruwa ne. Hukumar tana sayar wa masu jari takardun lamuni, ta riƙa biyansu da ƙari daga harajin gidaje, wani lokaci har shekara 30 ko 40. Dala miliyan 100 a kan ruwa 4 cikin ɗari na shekara 30 tana jawo ƙarin kimanin miliyan 73. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta haramta irin waɗannan takardu a zamanta na Jidda a 1990. Saboda haka sayensu haramun ne, ko da an cire musu haraji.

Maganar da aka faɗa miki kuwa, ana jingina ta ga Imam Abu Hanifa da almajirinsa Muhammad ɗan Hasan, amma ba za ta ɗauke ki ba. Malik da Shafi'i da Ahmad sun saɓa musu, haka ma Abu Yusuf, wanda ɗan gida ne a mazhabar. Hadisin Makhul da Abu Hanifa da Muhammad suka dogara da shi mursali ne, wato Tabi'i ne ya jingina shi ga Annabi kai tsaye ba tare da ambaton Sahabi ba, Shafi'i ya ce bai tabbata ba, ayoyin riba na Suratul Baƙara kuma ba su ware wata ƙasa ba. Ko mun sallama musu, malaman Hanafiyya sun sharɗanta cewa Musulmi ne zai karɓi ƙarin. A nan ke ce mai biya, daga harajin gidanki, ko ta cikin kuɗin haya idan haya kike. Kuma masu riƙe da takardun ba a san su ba, akwai Musulmi a cikinsu ta hanyar asusun fansho. Wanda ya kawo miki wannan ra'ayi ya ɗauko rabinsa ya bar sharaɗinsa.

Abin da ya sauya hukunci a tambayarki shi ne rabuwar sassan nan. Tun 2019 dokar Teksas ta tilasta a ware filin wasa mai ɗaukar sama da mutum 1,000 a ƙuri'arsa daban. Sashe na B ƙawa ce, ba a cin bashin riba dominta. Ki ƙi shi. Sashe na A, idan ya tabbata rufi na zuba, zafi na cutar da yara, kuma babu wata hanyar samun kuɗi a gabanku, to buƙata ce ta gama-gari, wadda malaman usulu ke saukar da ita matsayin larura. Ke ba mai ƙulla yarjejeniyar ba ce, ba marubuciyarta ba. Ina ganin amincewarki da shi ya halatta gwargwadon buƙatar, zuciyarki tana ƙin ribar. Idan kin bar gurbin ba ki cike ba, babu laifi.

Kafin ki yanke, nemi takardar bayanin masu zaɓe da hukumar ke wallafawa, ki duba uwar kuɗi da kiyasin ruwa da shekarun biya. Ki yi hattara da bashin da ake jinkirta biyansa ruwa yana hawa kan ruwa: gundumar Poway a Kalifoniya ta ci dala miliyan 105 a 2011, abin da za ta biya ya kusan biliyan ɗaya. Irin wannan ki ƙi shi ko da na ajujuwa ne. Kada kuma a ruɗe ki da ƙarin albashin malamai, kuɗin nan ba ya shiga albashi.

Idan ƙuri'ar ta wuce, biyan harajin da barin yara a sabon ginin ba zunubi ba ne a kanki. Ki riƙa halartar zaman hukumar, ke da iyayen masallacinku, ku nemi a riƙa ware kuɗin gyara kowace shekara tun rufi bai kai ga bokiti ba. Kuma kada wannan ya zama sanadin gaba da wanda ya zaɓi saɓanin naki, mas'ala ce ta ijtihadi.

Wallahu a'alam.