Tambaya da Amsa: Tsarin rubutu zan koya, ko sabuwar manhaja zan nema?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciya ce a ɗakin ajiyar magunguna na wani asibitin kuɗi a Zariya. An ɗora mini rubuta littafin ƙa'idojin aiki saboda sababbin ma'aikata. Na cika shafi 40 a Word, amma ba mai buɗe shi, ni dai suke bugo wa waya ko da tsakar dare ne. Wani abokin aikina ya ce in koyi Information Mapping. Ƙanena mai karatun kwamfuta kuma ya ce wannan tsohon yayi ne, yanzu DITA ake yi, ko Markdown. Wanne zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Mutanen nan naki biyu ba a kan abu ɗaya suke musu ba. Abokin aikinki maganar iya girki yake yi, ƙanenki kuwa maganar tukunya.

Information Mapping hanya ce ta shirya bayani, wadda wani Ba'amurke, Robert Horn, ya fito da ita a tsakiyar shekarun 1960, tun ba a san kwamfuta a kan teburin ofis ba. Da biro da takarda ma ana yin ta. Ya ce a daina zuba bayani a dogon sakin layi, a gutsuttsura shi, kowane gutsure ya ɗauki magana ɗaya tak, a sa masa kanu a gefe yadda ido zai faɗa kansa nan take. Ya kuma ce kada jeri ya wuce abu bakwai zuwa tara, yana dogara da binciken da masanin halayyar ɗan Adam George Miller ya wallafa a 1956 kan yawan abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda. Ni ban ɗauki wannan adadi kamar saukakke ba, amma jeri mai mataki 23 kam, ba mai bin sa har ƙarshe.

Abin da ya fi amfani a wurinsa shi ne rarrabe nau'in bayani. Ɗauki firijin allurar rigakafi. Ban ga littafinki ba, amma na ga irinsa da yawa: a sakin layi ɗaya za a ce sanyin firiji ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8, a bayyana dalilin da zafi ke lalata allura, a faɗi yadda ake duba ma'aunin sanyi safe da yamma, sannan can a jela a maƙala cewa in an ɗauke wuta a yi kaza. To, wanda aka ɗauke wa wuta ƙarfe biyun dare, yana riƙe da tocilan, ba darasi yake nema ba. So yake ya ga kanu, "Idan an ɗauke wuta", a ƙarƙashinsa mataki na 1, na 2, na 3. Da bai gani ba sai ya kira ki. Adadi ya tafi cikin jadawali, dalili ya samu gurbinsa daban, matakai su jeru da lamba, haramci kuma a sa shi kafin matakin da ya shafa, ba bayansa ba.

DITA kuwa tsari ne na rubuta littattafan fasaha a kwamfuta. Daga kamfanin IBM ta fito a 2001, ƙungiyar OASIS mai tsara ƙa'idojin fasahar kwamfuta ta amince da ita a matsayin ma'auni a 2005. Ta gaji wannan tunani na rarrabewa, domin ita ma tana raba rubutu gida uku: bayanin mene ne abu, matakan yin aiki, da bayanan da ake dubawa kawai. Bambancin shi ne ta ɗaure su da alamomin XML, wato laƙabin da ake maƙala wa kowane ɓangaren rubutu don kwamfuta ta gane shi, har kwamfuta ta iya ƙin karɓar rubutun da ya saɓa tsari. Ƙarfinta yana wurin maimaitawa. Kamfani mai injuna iri hamsin da littattafai a harsuna goma zai rubuta gargaɗi sau ɗaya, ya bayyana a ko'ina, in an gyara shi a wuri guda ya gyaru duka. Ke littafi ɗaya gare ki, Malama. Sayen tirela ne don ɗauko buhun gero ɗaya. Haka ma yayarta DocBook, wadda ta fara tun 1991, ta fi dacewa da manyan littattafan fasaha.

Markdown, wadda John Gruber ya ƙirƙiro a 2004, sauƙi gare ta ainun: alamar # a farkon layi ta mayar da shi kanu. Masu rubuta manhaja na son ta, shi ya sa ƙanenki ya ambace ta. Sai dai ba ruwanta da ko kin cakuɗa dalili da mataki. Abin da kika zuba mata shi za ta fitar.

Na taɓa faɗawa wannan rami da kaina. Wata ƙungiya ta ba ni aikin gyara kundin ma'aikatanta, na kwashe mako uku ina mayar da shi sabuwar manhaja, ya fito fes, gwanin kyau. Direbansu ya buɗe yana neman abin yi in mota ta lalace a hanya, ya yi ta juya shafi har ya gaji ya rufe. Ruɗanin da ke cikin tsohon na kwaso duka na zuba a sabon.

Don haka ki zauna a Word ɗinki. Ki buga shafukan 40, ki samu biro kala uku, ki ja layi: ja ga matakai, shuɗi ga adadi da ƙa'ida, baƙi ga bayanin dalili. Sannan ki tattaro tambayoyin da ake bugo miki waya a kansu, su ne kanunki. Wajen sa kanu, ki yi amfani da salon Heading da ke cikin Word maimakon kaurara rubutu da hannu, domin da shi ne zai haɗa miki jerin abubuwan da ke ciki da kansa, kuma ko nan gaba asibitin ya buɗe rassa aka buƙaci DITA, sauyin zai zo da sauƙi.

In kin gama shafin firijin, ki miƙa wa wanda ya fi kowa sabunta a ɗakin, ki ce masa an ɗauke wuta, ki koma gefe ki yi shiru. Duk inda kika ga ya tsaya yana sosa ƙeya, ki sa alama ki sake rubuta wurin.