Amsa: Shin maza ne kaɗai suka fara kiɗan rok?

Malam, ka tambaya ko akwai mace cikin waɗanda suka kafa kiɗan rok (wato rock and roll, kiɗan jita da ganga da ya samo asali a Amurka), ko kuwa su Elvis Presley ne kawai. Akwai, kuma ta riga su. Sunanta Sister Rosetta Tharpe, baƙar fata ce, an haife ta a jihar Arkansas ta Amurka a 1915.

A coci ta taso, tana rera waƙoƙin addini tare da mahaifiyarta. Daga baya ta ɗauki jita mai lantarki ta shiga gidajen rawa da waɗannan waƙoƙi, wasu 'yan cocin suka yi ta zarginta da sayar da addini. Amma salon da take fizgar tsirkiyar jita da ƙarfi, shi manyan mawaƙan rok irin su Chuck Berry da Elvis suka taso suna ji. Ita ce ma ta hau da Little Richard, wani shahararren mawaƙin rok, dandamali yana yaro.

Ka nemi bidiyonta na 1964 a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Manchester. Ga ruwan sama ya jiƙa dandamalin, ga ta cikin doguwar kwat da takalmi mai tsini, tana kaɗa jita kamar ba a yi ruwan ba.

Abin da ke ɓata min rai shi ne ta rasu a 1973, kabarinta ya shekara sama da 30 babu ko alama. Sai a 2018 aka shigar da ita Rock and Roll Hall of Fame, wato gidan tarihin da ake karrama gwanayen kiɗan rok.